Dokokin Gasar Besbol ta Yara a Amurka da Rigingimun da Suka Haife Su

Duk watan Agusta wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, South Williamsport, yakan cika ya batse da baƙi. Abin da ke kawo su wasan yara ne masu shekara 10 zuwa 12, waɗanda ke fafatawa a gasar duniya ta ƙungiyar Little League, babbar ƙungiyar besbol ta yara. Tun daga 2022 ƙungiyoyi 20 ne ke zuwa, goma daga sassan Amurka, goma daga sauran duniya, gidajen talabijin kuma na nuna wasannin kai tsaye. Wanda ya duba kundin dokokin gasar zai lura cewa kaso mai yawa na abin da ke cikinsa an rubuta shi ne saboda manya: kociyan da ke son nasara ko ta halin ƙaƙa, uban da zai iya rage wa ɗansa shekaru a takarda, shugaban ƙungiyar da zai iya sauya taswirar unguwa. Da wuya a sami wata muhimmiyar ƙa'ida a ciki wadda babu labarin wata rigima a bayanta.

Wani ma'aikacin kamfanin katako mai suna Carl Stotz ne ya kafa ƙungiyar a Williamsport a 1939, domin ƴaƴan ƴar'uwarsa da abokansu su sami wasa daidai da girman jikinsu. Da ƙungiyoyi uku aka fara, ƴan kasuwar garin suka ɗauki nauyin kowace a kan dala 30, aka buga wasan farko ranar 6 ga Yuni na shekarar. Gasar zakaru ta soma a 1947. A 1964 Majalisar Dokokin Amurka ta ba ƙungiyar takardar amincewa ta tarayya, Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu. Shi kansa Stotz bai ga wannan yana ciki ba: ya rabu da ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1950 bayan shari'a a kotu, yana ƙorafin cewa kasuwanci ya ƙwace wasan daga hannun masu aikin sa-kai.

Yadda ake buga wasan

Ga wanda bai taɓa kallon besbol ba, tsarinsa a taƙaice shi ne: ƙungiya biyu, kowace da mutum tara a fili, suna karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro. Akwai zango huɗu da aka jera a kusurwoyin murabba'i, na huɗun shi ake kira gida. Mai jifa yana tsaye a tsakiya yana wurga ƙwallo zuwa ga mai cafewa da ke tsugune a bayan gida. Mai bugu na ɗaya ƙungiyar yana tsaye a gefen gidan da sanda, yana neman ya maka wa ƙwallon duka ta tafi nesa, shi kuma ya ruga zuwa zango na farko kafin masu tsaro su mayar da ita can. Duk wanda ya zagaye zangunan ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Ana fitar da mai bugu ta hanyoyi da dama. Idan ya yi kuskure uku, wato ya kai duka bai samu ba ko ya ƙyale jifa mai kyau ya wuce, ya fita. Idan an cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. Haka nan idan ƙwallo ta riga shi isa zangon da dole ya je, ko aka taɓa shi da ita yana tsakanin zango da zango. Shi ma mai jifa yana da nasa haddin: in ya yi karkataccen jifa huɗu mai bugu bai kai musu duka ba, mai bugun zai taka zuwa zango na farko kyauta. Da zarar an fitar da mutum uku sai ƙungiyoyin su sauya, masu bugu su koma tsaro. Idan kowace ta yi bugu sau ɗaya an kammala zagaye guda. Babu agogo a wasan. Yawan zagaye ne ke ƙare shi.

Little League ta ɗauki wannan tsari ta rage masa girma. A wasan ƙwararru tazarar zango da zango ƙafa 90 ce, a rukunin ƴan shekara 9 zuwa 12 kuwa ƙafa 60, kimanin mita 18. Mai jifa na tsayawa ƙafa 46 daga gida, kimanin mita 14, maimakon ƙafa 60 da rabi. Zagaye shida ake yi, ba tara ba, kuma idan ruwan sama ko duhu ya katse wasa bayan zagaye huɗu ana iya ɗaukar sakamakon a matsayin cikakke. Akwai rukunoni na ƙasa da wannan, tun daga ƴan shekara huɗu waɗanda ake ɗora wa ƙwallo a kan ɗan turke su buga ba tare da an jefo ba, akwai kuma na sama har zuwa shekara 16, inda fili ke kai girman na manya. Tun 1989 akwai rukuni na musamman ga yara masu lalurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa.

Wasu ƙa'idojin na kiyaye lafiya ne zalla. Mai bugu da mai gudu dole su sa hular kwano mai rufe kunnuwa biyu, irin wadda Creighton Hale, masanin motsa jiki da ya shugabanci ƙungiyar daga baya, ya ƙera a ƙarshen shekarun 1950. An hana yaro ya yi sufa da kai zuwa zangon da ke gabansa. Wanda ya yi haka ya fita nan take. An hana mai jiran layinsa ya tsaya a waje yana wasa da sanda, domin an sha samun yaro ya ƙwale ɗan'uwansa ba da niyya ba. Mai gudu ba zai bar zangonsa ba sai ƙwallon da aka jefa ta isa wurin mai bugu. Sandar bugu ma tana da nata sharaɗi: tun 1 ga Janairun 2018 sai mai ɗauke da tambarin hukumar besbol ta Amurka, bayan an lura cewa sandunan ƙarfe na zamani suna harba ƙwallo da ƙarfin da ya fi na katako nesa ba kusa ba. Sannan akwai dokar tausayi: in tazarar maki ta kai 15 bayan zagaye uku, ko 10 bayan huɗu, a tashi wasan, kada a tsaya ana wulaƙanta ƙananan yara a gaban iyayensu.

Kowane yaro sai ya buga

Ƙa'idar da ta fi bambanta wannan gasa da wasan manya ita ce wajabcin sa kowa a wasa. A wasannin kaka na yau da kullum, duk yaron da ya zo fili da kayan wasa dole ya tsaya a tsaro har a fitar da mutum shida, ya kuma riƙe sanda aƙalla sau ɗaya. Kociyan da ya saɓa zai sami gargaɗi a rubuce karon farko, a dakatar da shi wasa ɗaya a karo na biyu, a karo na uku a sallame shi har ƙarshen kaka. Yaron da aka tauye kuma da shi za a fara wasa na gaba, ya rama abin da ya rasa.

Dalilin dokar a bayyane yake. Iyaye sun biya kuɗin rajista, yaro ya zo horo, bai kamata ya ƙare kaka yana ɗumama benci don kawai wani ya fi shi iyawa ba. Amma doka mai kyau ma takan haifi abin kunya idan ta faɗa hannun masu wayo. A 2006, a gasar yankin arewa maso gabashin Amurka, ƙungiyar Colchester ta jihar Vermont tana kan gaba a zagayen ƙarshe da ƙungiyar Portsmouth ta New Hampshire, sai kociyanta ya farga cewa akwai yaro ɗaya da bai yi bugu ba. Idan wasan ya ƙare a haka za a ƙwace nasarar. Mafita ɗaya ita ce a bar abokan hamayya su farke, wasan ya ci gaba, yaron ya samu ya buga. Sai ya umarci mai jifansa ya riƙa watsar da ƙwallo da gangan. Kociyan Portsmouth ya gane dabarar, shi ma ya umarci nasa yaran su riƙa kai dukan banza don a fitar da su. Aka wayi gari ɗaya ƙungiyar na ƙoƙarin a ci ta, ɗayar na ƙoƙarin kada ta ci, ƴan shekara goma sha biyu suna aiwatar da lissafin manya. Alƙalan wasa suka kori kociyan Vermont da mai jifansa, wasa ya ƙare Vermont na gaba da maki ɗaya, aka kuma ba Portsmouth nasara a teburi.

Daga 2023 ƙungiyar ta sauƙaƙa abin a wasannin gasar zakaru na ƙananan rukunoni: ana jera dukkan yaran da ke cikin tawaga a layin bugu, kowa ya jira nasa lokacin. Wannan ya toshe irin waccan ƙofa, kodayake ya bar wa kociya ƴancin ya hana yaro tsayawa a tsaro.

Hannun mai jifa

Nan ne dokokin suka fi tsauri, kuma nan ne suka fi cancantar yabo. Jifan besbol ta saman kafaɗa aiki ne da ke matse gwiwar hannu da kafaɗa, kuma a jikin yaro ƙarshen ƙasusuwan bai gama ƙwari ba. Yaron da aka yi wa lodin jifa yana iya samun raunin da zai bi shi har girma. Matsalar ita ce yaro ɗaya mai ƙarfin hannu yana iya ɗaukar ƙungiya gaba ɗaya zuwa kofi, don haka sha'awar a yi ta sa shi ba ta ƙarewa.

Da can yawan zagayen da yaro ya yi jifa ake ƙirgawa a mako. Aka gane wannan ba ma'auni ba ne, domin zagaye ɗaya yana iya cin jifa takwas, wani ya ci arba'in. Daga 2007 aka koma ƙirga jifan kansa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan shekara 7 ko 8 ba zai wuce jifa 50 a rana ba, ɗan 9 ko 10 jifa 75, ɗan 11 ko 12 jifa 85, daga 13 zuwa 16 kuwa 95. Idan adadin ya cika yana tsakiyar karawa da wani mai bugu, an yarda ya ƙarasa da shi, daga nan sai ya sauka.

Hutu ma an ƙayyade shi. Ga ƴan shekara 14 zuwa ƙasa, wanda ya yi jifa 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu cur. 51 zuwa 65 kwana uku. 36 zuwa 50 kwana biyu. 21 zuwa 35 kwana ɗaya. Wanda bai wuce 20 ba yana iya dawowa washegari, amma babu yaron da zai yi jifa kwana uku a jere. An kuma toshe wata hanyar zillewa: yaron da ya yi jifa 41 ko fiye ba zai koma mai cafewa a ranar ba, wanda kuma ya yi cafewa a zagaye huɗu ba zai hau jifa ba, domin mai cafewa shi ma yana mayar da ƙwallo bayan kusan kowane jifa. A kowane wasa akwai wanda aka naɗa yana riƙe da ƙirgen, amma alhakin yana wuyan kociya ko an tuna masa ko ba a tuna ba.

Wannan ƙirge ya sauya dabarun wasan. A gasar duniya za ka ga kociya ya sauke gwaninsa yana tsaka da haskakawa a kan jifa 35 ko 50, domin yana lissafin wasan da ke tafe. Gibin da dokar ta kasa cikewa shi ne ikonta bai wuce filayen Little League ba. Yaro na iya cika ƙirgensa ranar Juma'a, ranar Asabar ya je ya yi wa wata ƙungiya mai zaman kanta jifa, babu mai haɗa lissafin biyu sai iyayensa.

Game da ƙorafi, ba a ɗaukaka ƙara a kan abin da idon alƙali ya gani, kamar ko jifa ya yi kyau ko mai gudu ya riga ƙwallo. Ana ƙorafi ne kawai a kan fassarar doka ko sa ɗan wasan da bai cancanta ba. Na fassarar doka dole a ɗaga shi kafin jifa na gaba, a kuma miƙa shi a rubuce ga shugaban gasar cikin awa 24. Alƙalan nan, kamar kociyoyi da masu sayar da abin sha a bakin fili, galibinsu ƴan sa-kai ne, kuma tun 2003 wajibi ne a binciki tarihin duk babban da zai riƙa mu'amala da yaran.

Shekaru da iyakar unguwa

Ana lissafa shekarun yaro ne bisa abin da zai cika zuwa 31 ga Agusta na shekarar gasa. Wanda zai cika 13 ranar 1 ga Satumba ɗan 12 ne a idon doka, wanda ya riga shi haihuwa da kwana ɗaya ya tsallake rukunin. Sharaɗi na biyu shi ne yaro ya kasance yana zaune, ko yana makaranta, a cikin iyakar da aka shata wa ƙungiyarsa. Manufar ita ce ƙungiyar unguwa ta kara da ƙungiyar unguwa. Waɗannan sharuɗɗa biyu ne aka fi karyawa.

A 1992 ƙungiyar birnin Zamboanga ta ƙasar Filifin ta lashe gasar duniya bayan ta doke Long Beach ta California da ci 15 da 4. Ƴan jaridar Filifin ɗin da kansu suka bankaɗo cewa an kwaso yara daga wasu sassan ƙasar masu nisa, aka ƙwace kofin aka ba Long Beach. A 2001 wani mai jifa da hagu, Danny Almonte na ƙungiyar unguwar Bronx ta New York, ya buga wasa guda bai bar ko mutum ɗaya ya taka zango ba, Amurka ta ɗauka da zancensa. Ba a jima ba asiri ya tonu: takardun Jamhuriyar Dominika sun nuna an haife shi a 1987, ba 1989 ba. Shekararsa 14 yana jifan ƴan 12 daga ƙafa 46. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa mahaifinsa da wanda ya kafa ƙungiyar shiga harkar har abada, aka kuma tsaurara binciken takardun haihuwa.

Mai karatu a Najeriya ya san wannan ciwo ta fuskar ƙwallon ƙafa. FIFA ta dakatar da tawagogin matasan ƙasar a 1989 saboda saɓani a shekarun haihuwar wasu ƴan wasa, sannan a 2016 ƴan wasa 26 na tawagar ƴan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin hoton ƙashin wuyan hannu gab da karawa da Nijar, wadda ta fitar da Najeriya a zagayen. Bambancin shi ne Little League ba ta gwajin ƙashi. Takarda ce hujjarta, kuma wannan yana da nasa farashi, kamar yadda za a gani a batun Yuganda.

Shari'ar da ta fi raba kan Amurkawa ita ce ta Jackie Robinson West, ƙungiyar yara baƙaƙen fata daga kudancin Chicago, wadda ta zama zakarar Amurka a 2014, ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe, ta kuma ziyarci Shugaba Barack Obama a fadarsa. A Fabrairun 2015 aka ƙwace kambun bayan an gano shugabanninta sun faɗaɗa taswirar iyakarsu don shigo da yara daga waje. Magoya bayanta suka ce an sa musu ido fiye da kowa saboda launin fata, ƙungiyar ta ce doka ce. Abin da ba a yi jayayya a kai ba shi ne yaran ba su suka zana taswirar ba.

Zargin bai fito haka kawai ba. A 1955 ƙungiyar Cannon Street ta birnin Charleston, ita ma ta baƙaƙen fata, ta shiga gasar jihar South Carolina, sai ƙungiyoyin farar fata sama da sittin suka janye don kada su kara da ita. Hedikwatar Little League ta ƙi yarda a ware gasa ta farar fata zalla, abin da ya sa waɗancan suka ɓalle suka kafa tasu. Sai dai ita ma ta tsaya a kan wata ƙa'ida da ta ce wanda ya tsallake ta hanyar janyewar abokin karawa ba zai ci gaba ba. Aka gayyato yaran Williamsport a matsayin baƙi, suka zauna suna kallo.

Mata kuwa an haramta musu wasan a rubuce daga 1951, bayan wata yarinya a jihar New York ta yanke gashinta ta shiga da sunan namiji. A 1972 Maria Pepe ta yi jifa a wasa uku a Hoboken ta New Jersey kafin hedikwata ta yi barazanar soke rajistar ƙungiyarta. Ƙungiyar kare haƙƙin mata ta ƙasa ta shigar da ƙara, hukumar kare haƙƙin jama'a ta jihar ta yanke hukunci a 1973, kuma a 1974 aka buɗe wa mata ƙofa, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a gyaran takardar tarayyar da ta ambaci maza kaɗai. Pepe ta riga ta wuce shekarun wasa a lokacin. Shekara arba'in bayan haka Mo'ne Davis ta Philadelphia ta zama mace ta farko da ta yi jifa a wasan gasar duniya ta hana abokan hamayya ko maki ɗaya.

Ƙasashen waje ma sun ɗanɗani dokar da aka yi don su. Monterrey ta Meziko ce ta fara fitar da kofin daga Amurka a 1957. Taiwan ta lashe shi sau 17 tsakanin 1969 da 1996, kuma bayan ta ɗauka sau huɗu a jere aka hana dukkan ƙungiyoyin waje zuwa a 1975. Suka ya yi yawa, aka janye hanin bayan shekara ɗaya. Tsarin da aka koma a kai, wanda ya ɗore har yau, ya raba gasar gida biyu, ɓangaren Amurka da na sauran duniya, ta yadda ko yaya aka yi ƙungiyar Amurka za ta buga wasan ƙarshe.

Afirka ta jira har 2011. A shekarar wata ƙungiya daga Kampala ta Yuganda ta lashe gasar yankinta a ƙasar Folan, ta zama ta farko daga nahiyar da ta cancanci zuwa Williamsport, sai ta leƙo ta koma: ofishin jakadancin Amurka ya hana yaran biza saboda saɓani a takardun haihuwarsu. A ƙasar da ba kowace haihuwa ake rubutawa a lokacinta ba, dokar da aka tsaurara saboda maguɗin wasu ta faɗa kan yaran da da yawansu ba su taɓa mallakar takardar ba tun farko. Ƙungiyar Saudiyya da suka doke ita ta tafi a madadinsu. A 2012 wata ƙungiyar daga garin Lugazi ta shirya takardunta tun da wuri, ta isa Williamsport, ta ci wasa ɗaya a kan ƙungiyar jihar Oregon. A 2015 Yuganda ta dawo, a wasanta na farko ta doke Jamhuriyar Dominika, ƙasar da besbol ya zame mata sana'a, da ci 4 da 1.